Inci Huɗun da Suka Raba Kafinta da Ƙanensa

Shekara ashirin da bakwai Kafinta yana yankan katako, bai taɓa rubuta awo a takarda ba. Zai ɗora tef a bakin ƙofa, ya duba sau ɗaya, shi ke nan ya shiga kai. Da wannan yake taƙama. Ƙanensa da suke shago ɗaya, wanda kowa ke kira Auta duk da furfura ta fara yi masa sallama, shi ke yanka abin da yayan ya faɗa.

To a wannan watan abubuwa sun yi wa Kafinta rubdugu. Mahaifiyarsu ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance a gidansa. Shi ke ɗaga ta, shi ke juya ta, ya hana kowa taɓawa, wai shi ne babba. Ga takardar tashi an manna a ƙofar shago, za a faɗaɗa titi. Barci sai dai ya ɗan sata. Sau biyu yana fita sayen ƙusa ya dawo hannu rabbana, ya manta abin da ya fitar da shi. Bai gaya wa kowa ba.

Ana cikin haka wani mai gini ya ba su aikin ƙyaure shida. Kafinta ya je ya auno, Auta ya yanka ya haɗa. Ranar kafawa suka jingina na farko a bakin ƙofa, sai ga rata a gefe, hannu na shiga har gwiwa. Na biyu haka. Duk shidan sun gaza da inci huɗu.

Babban magini ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Kafinta, wannan ƙyaure ne ko taga? Kyanwa ma ba sai ta yi sallama ba."

Leburori suka kwashe da dariya. Mai gini bai yi ba. Nan jinin Kafinta ya hau kai, ya juya kan ƙanensa.

"Talatin da shida na ce maka! Kurma ne kai? Shekara nawa ina goye da kai kamar jariri, awo ɗaya ya gagare ka? Ba don ni ba ko akurkin kaji wa zai ba ka?"

Auta ya dube shi, ya buɗe baki, ya fasa. Ya ajiye guduma a kan bulo, ya kaɗe rigarsa, ya fita. Washegari bai zo shago ba, jibi ma haka.

A rana ta huɗu Kafinta yana zaune shi kaɗai cikin ɓuntun katako, yana lalube a waya yana neman lambar mai katako, yatsansa ya danna wani tsohon saƙon murya. Sai ya ji kansa.

"Faɗinsu inci talatin da biyu, duk shidan."

Sai amsar Auta ta biyo baya, a hankali: "Yaya, ba talatin da shida ba ne? Ƙofofin gidan nan manya ne."

"Ni na auno ko kai? Yanka abin da na ce!"

Ya sake kunnawa. Ya kuma. Ko alama bai tuna ya yi wannan magana ba. Abin da ya fi ci masa rai, saƙon nan yana aljihun Auta a ranar da ake dariya. Dannawa ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, amma ya rufa wa yayansa asiri ya tafi da zagin. Kafinta ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai kuma tsoro ya biyo baya: ko dai kan ne ya fara taɓuwa?

Da ya kai tsohuwa asibiti ranar dubawa, ya tsaya yana murza hula bayan an gama.

"Likita, wani abokina ne. Yana faɗin magana ya manta ya faɗa. Ga faɗa da mutane ba dalili."

Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta dube shi ta saman gilashi. "Abokin nan naka, shi ma akwai garin katako a gashin girarsa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Zauna, miƙo hannu." Ta ɗaura masa abin awon jini, ta yi tsaki. "Ya hau. Awa nawa kake barci?"

"Uku. Wani lokacin biyu."

"To ba hauka ba ne, malam. Damuwa ce ta yi maka yawa. In mutum ya daɗe cikin fargaba, jiki na ta sakin sinadarin shirin ko-ta-kwana, ƙwaƙwalwa ta koma gadi, ta bar aikin ajiya. Sai mantuwa, sai saurin fushi. Zarto ma in ba a ajiye shi an wasa ba, ai ka fi ni sanin abin da yake yi wa katako."

"Ba allura?"

"Allurar me? Ka yi barci. Ka riƙa taka ƙafa da safe kafin ka buɗe shago. Abin da ka auna ka rubuta, ba abin kunya ba ne. In ka ji zuciya ta taso, ja numfashi a hankali kafin ka buɗe baki. Kuma jinyar nan, kai kaɗai ta haifa?"

"Akwai ƙanena."

"Yana ina?"

Ya miƙe ya sa hularsa. Ta ce ya dawo bayan mako biyu a sake auna shi.

A gida ya kunna wa matarsa saƙon. Ta saurara har ƙarshe tana ninke zanen gadon tsohuwa.

"Zan je gidansa in ba shi haƙuri," in ji shi.

"A ɗaki ka zage shi, Baban yara?"

Ya harare ta. Ba ta janye ba.

Da safe ya aika wa Auta cewa ya zo wurin gini su kwashe ƙyauren. Bai yi zaton zai zo ba, amma ya zo, ya tsaya nesa, hannu a aljihu. Magina na kwaɓa siminti, mai gini na tsaye da lema. Kafinta ya matso tsakiyarsu. Ya daki tsani da tafin hannu.

"Ku dakata. Ranar nan kun ji bakina, to ku ji wannan ma."

Ya ƙure ƙarar wayar ya ɗaga ta sama. Muryarsa ta cika ɗakin da ba a yi wa rufi ba, tana tsawa kan talatin da biyu. Ba wanda ya yi dariya. Wani lebura ya kau da kai.

"Ni na yi kuskuren," in ji Kafinta. "Ya gyara min, na ƙi ji. Sannan na ci mutuncinsa a gabanku. Kaina ne ya cika, amma wannan ba hujja ba ce."

Babban magini ya sosa ƙeya. "To, ashe dutse ma yana zufa."

Kafinta zai sake kunna saƙon, Auta ya ƙaraso ya karɓe wayar ya kashe.

"Ya isa haka, Yaya. Mutane na da aiki."

"Ka yafe min."

"Na ji." Ya miƙa masa wayar bai dube shi ba. "Daga yau kwana bibbiyu za mu riƙa yi wajen Mama. Ni zan fara."

Kafinta ya buɗe baki zai ce shi ne babba. Ya ja numfashi, ya haɗiye.

"To," ya ce.

Auta ya sunkuya ya kama gindin ƙyauren farko. "Kama can, ka kula da bango."