Tukunyar da Ta Fito Daga Injin Isufu

Shekara goma sha ɗaya Isufu yana tafiya ci-rani Kano, yana tuƙa motar wani Alhaji Manu, kafin ya sayi tasa. Ranar da ya shigo da ita Matamaye ya ce wa matarsa Mas'uda, "Na gama barin ki da rani." Ya riƙa kai fasinja Kance da Ɗan Barto, yana kwana a gidansa.

A wata na biyar, kan hanyar Icirnawa, injin ya yi zafi har tururi ya tashi. Isufu ya yi abin da ya saba gani Alhaji Manu yana yi wa tsohuwar motarsa: ya ari guga a bakin rijiya, ya kwarara wa injin ruwan sanyi. Sai ya ji ƙas, kamar an taka busasshen kara.

Amalanken shanu ne ya jawo motar zuwa garejin Iliyasu, dattijon bakanike. Da aka sauke injin, Isufu ya ce, "Baba, a yi walda mana."

"Wannan alminiyam ne, ɗana. Yana daɗewa in an kula da zafinsa. Amma ka ba shi ruwan sanyi yana tafasa." Iliyasu ya bi tsagar da injin ya yi da farce. "Ka gani? Ta shiga har ciki, fuskar kuma ta lanƙwashe. Da a gefe ta tsaya, da na kai Damagaram an ɗinke."

"Alhaji shekara ashirin yana yi wa tasa haka!"

"Tasa baƙin ƙarfe ce, jaka mai shan duka. Taka ba ta sha."

Sayen wani injin ya fi ƙarfin Isufu. Da aka gama girbi, Munkaila mai zubin tukwane ya zo ya sayi injin, ya farfasa shi da guduma, ya kwashe a buhu. Bayan mako guda ya aiko wa Mas'uda tukunya ɗaya, don kara.

A cikinta ta dama kunu da safen da Isufu zai koma Kano. Yana zaune, jakarsa a gefen ƙafarsa. Ta ce, "Tukunyar nan akwai saurin zafi."

"Na sani," ya ce.

Ya ajiye kwanon bai shanye ba, ya nufi tasha ya nemi kujera a motar wani.