Ungurnun Yakaka

Yakaka ba ta jin magana. Kowa a unguwarmu ya san haka, amma ni Barira da muka yi shekara talatin katanga ɗaya da ita na fi kowa sani. Ni sana'ata bandar kifi, ita kuwa unguwarzoma ce a gefenmu na Haɗejiya. Duk gidan da aka haihu ita ke wankan jego, ita ke dama kunun kanwa, kuma ba ta miƙa wa mai jego ƙwarya sai ta fara shan ludayi uku, wai don ta ji ko kanwar ta kama. Kanwar tata ma ba irin ta kowa ba ce, ungurnu ce da ƙaninta Fannami yake kawo mata daga wajen Tafkin Cadi. Yadda take ji da ita sai ka ce zinariya.

Wannan abu zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru su tafi. Bayan al'ada ta ɗauke wa Yakaka sai ciwon kai ya kama ta a ƙeya, ga jiri, ga haɓo. Ta ce jinin da ya tsaya ne ya rasa hanya ya hau kai. Wanzami ya yi mata ƙaho har ƙeyar ta koma kamar faifai. Ita kuma ta ƙara da jiƙon ungurnu safe da yamma, wai ya narkar da jinin.

Tsoronta ɗaya ne, ni ma shi ne nawa. Yayarta Mairam haka ta fara, ranar nan tana daka ta faɗi a gindin turmi, ɓarin jiki ya shanye, ta shekara biyu a kwance kafin Allah ya karɓi abinsa. Ga shi Bintu, autar Yakaka da ke aure a wani ƙauyen masunta bayan Guri, tana da cikin fari.

"Barira," ta ce mini, "ba na roƙon komai sai in wanke yarinyar nan da hannuna, kwana arba'in cif. In ya so bayan nan in faɗi."

Na ja ta da kyar zuwa ɗakin shan magani ranar da likita ya zo rangadi. Ya ɗaura mata wani ƙyalle a dantse, ya yi ta hura shi, ya girgiza kai. Malam Sa'idu mai ba da magani ya ce, "Inna, jininki ya hau sosai. Ki rage gishiri, ki riƙa taka ƙasa, ki rage sa damuwa a rai." Ta bar gishiri kuwa, har gishirin manda ta kyautar. Amma jiƙon ungurnu sai ta ninka shi, tunda a wurinta kanwa ba abinci ba ce, magani ce. Ni ma ban ga laifin haka ba, kada in yi ƙarya. Da kanwa aka raine mu duka.

Damina ta yi ƙarfi, fadama ta cika ta batse. Aka ce mai tsohon ciki ba za ta iya shiga jirgin ruwa ta zo gida haihuwa ba, sai dai mu mu je. Ya'u mijin Bintu ya zo ya ɗauke mu. Muna tsakiyar ruwa jirgin ya daki wani kututture, ya sha ruwa har idon sawu. Muka yi ta kwalfewa da ƙwarya muna salati. Da muka kai gaɓa Yakaka ta kwance ƙunshinta, ta tarar ungurnun ta jiƙe ta zama taɓo, ta bi ruwa. Wallahi ta yi kuka, matar da ban ga hawayenta ba ko ranar da aka yi mata ƙaho.

"Shi ke nan, maganina ya tafi, nan zan faɗi," in ji ta.

Ƙauyen yana kan tudu, ruwa ya kewaye shi, kasuwa ba ta ci. Sannan ga abin dariya: unguwarzoma guda ta ɓata lissafin watan 'yarta, haihuwa saura kusan wata ɗaya. Na tsokane ta har ta daina kula ni yini guda.

Haka muka zauna muna cin abin da ya samu. Ɗanyen kifi dafaffe lami, tuwon bado, kwaɗon zogale, sai zoɓo da surukar Bintu take jiƙa mana babu ko zaƙi. Zaman banza ya ishi Yakaka, ta riƙa zaga tudun kullum da safe tana duba ko ruwa ya ja. Kullum ina zuba ido in ga ranar da za ta faɗi. Sai ga shi an yi kwana goma sha biyar ban ga ta ɗaure kai da tsumma ba. Haɓo ya ɗauke. Har tulu na ga ta ɗauka.

"Ina ciwon kan?" na tambaye ta.

"Iskar ƙauye ce," ta ce, ta kawar da kai.

Bintu ta sauka lafiya ranar wata Laraba da hantsi, aka sami mace. Ya'u ya tuƙa jirgi har Guri ya samo kanwa. Yakaka ta dama kunu, ta sha ludayinta uku, ta ƙara da jiƙo don ta rama kwanakin da ta rasa. Kwana huɗu ana haka, da safe tana tsaye kan tukunyar ruwan wanka da ganyen wankan jego a hannu, sai na ga ta dafa bango, jini yana ɗiga daga hancinta. Mairam kawai nake gani. Na zaunar da ita, raina a ɓace.

"Yakaka, ke ba yarinya ba ce. Wata guda babu kanwa kina tsalle kamar 'yar akuya, kwana huɗu da ita ga ki nan. Sai na kira miki malami ya fassara?"

"Shekara talatin ina sha."

"Shekara talatin ɗin kina da ƙuruciya. Yanzu zaɓi: ko ludayin nan, ko kwana arba'in ɗin Bintu."

Ta juya tana kallon ɗakin da jaririyar ke kuka. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ba ta taɓa faɗa ba har yau.

Washegari ta dama kunu kamar kullum. Ta ɗebo ludayi, ta kai har bakinta, sai ta tsaya. Ta miƙo mini.

"Ɗanɗana mini. Kuma kada ki yi mini ƙarya, na san harshenki hayaƙin banda ya kashe shi."

Na ɗanɗana na ce ya yi. Ita kuma ta jawo ƙwaryar zoɓonta ta sha tana yatsina fuska. Ni kuwa sai da na fita bayan ɗaki na share ido.

Ta cika kwana arba'in ɗin nan a tsaye, safe da yamma, ba ta fasa wanka ko ɗaya ba. Da muka koma Haɗejiya aka sake ɗaura mata ƙyallen, Malam Sa'idu ya ce jinin ya sauka, amma ta riƙa zuwa ana dubawa. Yau jaririyar nan ta isa ɗaukar tulu, Yakaka tana nan da ƙafarta tana bin gidajen haihuwa. Ni kuwa na sami aikin da ban nema ba, duk inda aka haihu sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Barira, taso, kunu ya dahu."