Kaskon Aljeriya da Awakin Gidan Illo

"Sabon kasko, da matsaminsa," in ji Kulu, tana juya kifin karfasa cikin mai. "In babu matsami, babu ciniki."

"Kaka, ranki nake so in ceta, ke kuma kina neman gyara?"

"Rai na Allah ne. Matsami kuwa sai an saya."

Mardiyya ta yarda. Jikar Kulu ce, tana karatun aikin jinya a Maraɗi, ta zo hutu Madarumfa. A makaranta ta ji cewa zamanin yaƙin Aljeriya Faransawa sun gwada bam ɗin nukiliya cikin hamada, kuma ƙarfen da aka kwaso daga wurin yana ɗauke da guba har gobe. Kakanta marigayi Illo, mijin Kulu, ya yi sojan Faransa a can, kuma duk garin an san kaskon da Kulu ke suyar kifi a bakin tabki da sunan kaskon Aljeriya. Cewa ake Illo ya ɗauko shi daga bakin ramin bam, shi ya sa kifinsa bai taɓa kamawa ba. Don haka Mardiyya ta dage a rabu da shi, ita za ta sayo sabo.

Suna cikin haka sai ga Mahaman, maƙwabcinsu mai lambu, riƙe da reshen zogale da aka yi wa aski tas.

"Inna Kulu, awakinku ne kuma. Yauwa, 'yar boko, ke ki gaya mini: wane gida ne a duniya ba a ɗaure akuya?"

"Yi haƙuri, Baba Mahaman. Yau da kaina zan kafa turke."

Kulu dai ta ci gaba da suyarta.

Da la'asar Mardiyya ta dawo daga kasuwar Maraɗi a bayan moto, da kasko mai walƙiya, da matsami, da igiya. Kulu ta ƙwanƙwasa kaskon ta ji amonsa, ta ɗaga shi a rana ta duba ko da huda, ta sa shi ƙarƙashin gadonta, sannan ta ce a ɗauki tsohon. Mardiyya ta naɗe hannuwanta da tsumma, ta toshe hanci da mayafi, ta tunkari kaskon kamar mai shirin kama kububuwa.

Dariya ta ƙwace wa tsohuwa har da tari.

"Ke, ɗauki abinki da hannu. A kasuwar Gabi na saye shi, shekarar da na yaye ubanki."

"To Aljeriyar fa?"

"Masu cin kifi suka raɗa masa. Na ga sunan yana kawo ciniki, me zai sa in yi musu da arzikina? Dama ya fara yoyo, ga shi Allah ya kawo ki."

Mardiyya ta zauna daɓas. "Ashe Kaka Illo bai zo da komai ba?"

"Ko takalmi. Ya ce kayan jikinsu ma karɓewa aka yi. Kuma daina jin ta bakin kawunnanki, wai ya kashe mutum ɗari. Da Faransawan suka ji ya san kiwo, dabbobi suka ba shi. Awaki ne, ya yi ta ba su ruwa har suka san muryarsa. Rannan aka ce ya kai su fili ya ɗaure, wasu kusa, wasu nesa, don a ga abin da wutar bam ɗin za ta yi musu. Shi ya kafa turakun, kuma kin san ɗaurin makiyayi ba ya kwancewa. Aka kwashe sojoji can nesa, aka ce su kwanta rubda ciki su rufe ido. Ya ce duk da haka hasken sai da ya shigo masa ta cikin hannu."

"Awakin fa?"

"Shi aka tura ya kwance igiyoyin."

Kulu ta goge hannunta da gefen zane.

"Ranar da aka kawo ni gidan nan da 'yar akuyata, ya ce, Kulu, ki yi duk abin da kike so, amma kada in ga turke. Mun biya tarar ɓarna wajen mai gari har ya gaji da ganinmu. Idonsa ya mutu da wuri, ƙirjinsa bai taɓa lafiya ba, amma ko yana kwance, in ya ji akuya ta cika kuka sai ya ce a duba, wa ya ɗaure ta."

Mardiyya ta daɗe tana kallon igiyar da ta sayo. Wata baƙar akuya ta zo ta sansana ta, ta fara taunar bakinta.

Mahaman ya leƙo ta saman danga. "'Yar boko, ina turken?"

"Baba Mahaman, igiyar nan za ta yi ɗaurin shinge? Gobe da safe zan zo da kara mu kewaye zogalen."

"Ni da lambuna ni za a ɗaure, awaki suna yawo?"

"Haka muka gada," in ji Mardiyya.

Kulu ta tashi da kasko biyu da matsami, kuma har yau a tsohon take suyar gaban mutane, don sunan. Mardiyya ta yi asarar guzirinta, ta koma Maraɗi hannu wofi, sai labarin kakan da a da ba ta sani ba. Mahaman ya samu shinge, ya ji daɗinsa har ranar da baƙar akuyar nan ta gano cewa kara ma abinci ne.