Tatsuniyoyin Gwaggo Insaf Marasa Wutsiya

Gwaggo Insaf na zaune a falon tsohon gidansu na Iskandariyya tana tsinkar lalo sa'ad da wata 'yar jarida ta iso. Ta zo jin yadda gida ɗaya ya fitar da marubuta uku: Midhat mai waƙa, Sawsan mai ƙagaggun labarai, da auta Ra'uf mai wasan kwaikwayo.

Insaf ce ta raine su. Uwarsu ta rasu Ra'uf bai fara rarrafe ba, ita kuma ta baro ƙauye ta zo gidan yayanta alƙali da niyyar kwana biyu, furfura ta cim mata a nan.

Midhat ya gyara zama, ya nuna hoton marigayi alƙali. "Duk albarkacin ɗakin karatun Baba ne. Cikin littattafansa muka tashi."

Insaf ta tuntsire da dariya. "Wane ɗaki, ɗan nan? Wanda makullinsa ba ya barin aljihun ubanku? Ranar da ka saci shiga, da jan kunne ka fito."

"Gwaggo, ana ɗaukar murya fa."

"To a ɗauka mana."

Sawsan ta ce, "Ai gaskiya ta faɗa. Tatsuniyar Gwaggo ce ta ɓata mu, don ba ta taɓa kai ko ɗaya ƙarshe ba. Aljani na ɗaga takobi sai ta ce wakenta zai ƙone, ta tashi. Mu kuwa mu yi ta musu, kowa ya ƙirƙiro nasa ƙarshen. Ra'uf ma har yau bai iya ba, ki tambayi masu kallonsa."

"Allah ya isa, Yaya," in ji Ra'uf.

'Yar jaridar ta matso kusa. "Wato dabarar koyarwa ce, Hajiya?"

Kan Insaf ya ɗan fasu, saura kaɗan ta ce e. Sai ta tuna shekarunta sun wuce na yin ƙarya.

"Wace dabara, 'yata? Ni ma ban san ƙarshen ba. Kakata gyangyaɗi ke ɗauke ta kafin ta kai."

Ran Juma'a jarida ta fito, hoton Insaf ya cinye rabin shafi. Ta wuni tana mita an ɗauke ta da rigar girki, cikin marubuta uku an rasa mai hankalin cewa ta sauya. Da la'asar ta yafa mayafi, ta sauka da kanta ta sayo tarin jaridar, ta bi maƙwabta ƙofa-ƙofa tana rabawa, tana gargaɗin kowa kada ya yarda da zancen 'yan jarida.