Kafaɗar Zarami

Shekarar da Turawa suka shata Tudun Giyayya suka mai da shi gandun daji, a shekarar ne Baba ya ce zai ajiye gorarsa.

Gorar ba abin kallo ba ce, doguwar sanda ce mai tsage-tsage. Amma a ƙauyenmu wanda ke riƙe da ita shi ke faɗin inda ruwan kogin Haɗeja zai tsaya in ya yi ambaliya, kuma da maganarsa ake yafa irin shinkafa. A yafa can ƙasa ruwa ya yi yawa, ya shanye ta. A yafa a sama ruwa bai kai ba, ta bushe. Mahaifina, Baba Kolo, ya shekara talatin yana hawa tudun nan farkon damina ya duba fadama, sau biyu kawai ya kuskure.

Ni ne babban ɗansa, Bunu. Sai dai akwai Zarami, ɗan ƙanensa marigayi, wanda ya taso a ɗakinmu. Na girme shi da shekara huɗu, na fi shi tsayi, na fi shi iya tuƙa jirgi, amma kome aka tashi yi a gidan nan sai ka ji "ina Zarami?" Ina kishinsa, ba zan ɓoye ba. Ko tari ya yi Baba ya ce masa sannu, sai na ji haushi.

Ranar da hantsi Baba ya ce, "Ku biyu ku rako ni tudu. Yau zan ba da gora."

Hawan ba wuya. Da can ana kutsawa cikin ƙaya, amma Di'o, Baturen mulki, ya sa an share hanya an kafa ginshiƙan siminti a gefe, saboda yana son zuwa kallon agwagin ruwa. Yanzu ko tsohuwa da tulu a ka za ta hau ba ta huta ba. Muna shiga gandun sai na ja baya da gangan na bar su gaba. Na daɗe ina zargin Baba na raɗa wa Zarami asirin aikin, yau kuwa na ƙudura sai na kama su.

Na kuwa zuba ido. Hular da ke kan Zarami tsohuwar hular Baba ce, wadda na taɓa roƙa aka ce ta yi mini kaɗan. A gindin giyayyar farko Baba ya dafa kafaɗarsa. Na ce a raina, ɗaya. Zarami ya ɗaga kai yana kallon reshe kamar wanda bai taɓa ganin itace ba. Inda yashi ke zamewa Baba ya sake dafa shi. Wajen ginshiƙi na biyu gogan naka ya tsuguna yana leƙen ƙasa, na ce neman suna ne kawai. Saiwar kanya, uku. Kwanar ƙarshe, huɗu. Ban ji sun yi raɗa ba, wannan ma ya ƙara ɓata mini rai.

Sai ga mu a ƙoli. Tudun ya yanke tsaye, zurfin giginya biyu, fadama ta shimfiɗu kore shar iyakar gani. Kogin na lanƙwasa a tsakiya, balbela sun yi fari a bayan shanun Fulani da ke fita zuwa tudu, can nesa ana hango ganuwar Haɗeja. Har ni sai da zuciyata ta ɗan yi sanyi. Na kwana uku ina shirya abin da zan faɗa game da launin kogin da tsayin ciyawa, na gyara tsayuwa.

Baba ya zauna a bencin azarar da aka kafa wa Di'o, ya juya wa fadamar baya.

Ya ce, "Wannan kowa na iya kallonta, har Bature. Bunu, kai ne babba. Me ka gani a hanya?"

Na nemi itace ɗaya, tsuntsu ɗaya a kaina, na rasa. Sai zuciya ta ɗebe ni.

"Na ga ka dafa kafaɗar Zarami sau huɗu."

Baba ya juya. Ya dubi Zarami.

Zarami ya sunkuyar da kai, don ya ji kunyar maganata fiye da ni. Ya ce, "Baba, tsuntsayen kabare sun saƙa sheƙarsu a giyayya sama da ta bara, da kamu uku. Tururuwar da ke gindin tudu ta kwashe ƙwanta ta koma wajen ginshiƙi na biyu. Ina ga bana ruwa zai yi yawa. A yafa a sama."

Baba ya miƙa masa gorar da hannu biyu. Zarami ya durƙusa ya karɓa, ya juyo yana cewa, "Ya Bunu, ai tare za mu…" Na kau da kai.

"Sauka ka faɗa wa mutane," in ji Baba. Da Zarami ya tafi sai ya dube ni. "Sau huɗu ka ce? Lissafinka daidai ne. Amma kafin kowanne sai da na waiwaya dama, wajen da kake tafiya tun kana yaro. Ba ka nan. Gwiwata ba ta jira."

Ya miƙe zai sauka, babu gora, babu Zarami. Ya tsaya a bakin gangaren yana auna yashin da ƙafa. Na matsa ta damansa. Ya ɗora hannu a kafaɗata, na ji ba shi da nauyi ko kaɗan, ban san yaushe ya rame haka ba.

Muka sauko a hankali. Can ƙasa tsakanin itatuwa ina hango kan gorar yana tafiya, kuma har muka fita gandun ban iya ɗauke ido daga kanta ba.