Wayoyi a Cikin Kwano

Sirajo tela ne a Ƙauran Namoda, amma ranar Asabar bayan azahar keken ɗinkinsa hutawa yake. Yakan shimfiɗa tabarma a bayan shago, ya baje kwalin da ya zana daji da rijiyoyi a kansa, ya fito da ƙwayar ludo biyu. Wasan labari suke ce masa. Shi ke ba da labarin, abokansa uku kowa ya ɗauki mutum guda a ciki ya faɗi abin da zai yi, ƙwaya ta yanke ko ya dace. A waya ya tsinci wasan, babu wanda ya koya masa. Shekara biyu ya yi yana karantar fuskoki, har ya san lokacin da ake tsawaita magana da lokacin da ake jefo masifa kafin wani ya yi hamma.

Dokarsa ɗaya ce. Kowa ya kashe ƙarar wayarsa ya sa a kwano, a rufe. Tasa kaɗai ke zama gefen gwiwarsa saboda duba lokaci.

Lokacin kuwa saboda Hashimu ne, manomin da ke kawo gero kasuwa daga Galadi. Ƙarfe uku da rabi ayarin masu babur ke tashi, don ba a bin hanyar nan mutum ɗaya saboda 'yan bindigar daji. Kullum Sirajo kan naɗe labarin da wuri ya sallame shi.

Ran nan fataken cikin labari sun iso bakin wata busasshiyar rijiya ke nan wayar Sirajo ta yi haske. Saƙo ne daga Rahama, matar Hashimu: "Yaya Sirajo, an ga mutanen daji bisa hanya, an ce garinmu suka nuho. Na yi ta kiransa bai ɗauka ba. Don Allah kada ya taso. In ya ji, tasowa zai yi."

Uku saura biyar. Sirajo ya kifa wayar.

"Malam tela, ka yi shiru," in ji Ɗanbaba, mai sayar da buhu. "Ko aljanin rijiyar ya kama ka?"

"Akwai murya a ƙasa," Sirajo ya ce a hankali. "Sunan maharbin Hashimu take kira."

Hashimu, wanda ya ɗauki maharbi a labarin, ya gyara zama. "Nawa? Mi ta ce?"

"Sai ka sauka."

"Kada ka sauka, baƙauye," Zayyanu, ɗalibin kwalejin fasaha, ya ce yana dariya. "Wancan satin ma kai ka jawo muna kura."

Maharbin Hashimu ya sauka. Sirajo ya ba shi igiya mai tsinkewa, ya ba shi ƙofa a jikin rijiya, bayan ƙofar wata ƙofar. Duk sa'ad da idon Hashimu ya nufi inuwar bango don ya kintaci lokaci, sai ya tura masa ƙwaya. "Jefa, maza, ƙasa na zubowa!" Bai taɓa riƙe mutane kamar yau ba, kuma abin da ya fi damunsa shi ne yana jin daɗin iyawar. Bai yi ƙarya ko ɗaya ba, ya gaya wa kansa. To amma mutum ya ɓoye wa magidanci cewa iyalinsa na cikin haɗari, wane suna wannan ke da shi? Ta gefen murfin kwano yana ganin haske na kunnuwa yana mutuwa.

Uku da rabi ta yi. Daga nesa ya ji babura sun tashi gaba ɗaya, ya ɗaga murya ya rufe ƙarar da rugugin rijiya.

Kiran la'asar ne ya katse su. Hashimu ya zabura. "Innalillahi! La'asar?" Ya buɗe kwano. Kira goma sha ɗaya, duk na Rahama. Ya kira ta, ba ta shiga. Ya sake, ba ta shiga. Sirajo ya miƙa masa tasa wayar.

Hashimu ya karanta, ya duba lokacin da saƙon ya shigo.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun bakin rijiya."

"Da ka hwaɗa min, da cikin mutane na tahi."

"Ita ta ce kada ka taso. Ayari ya wuce, Hashimu. Ka kwana nan, da sahe mu ji labari."

Hashimu ya miƙe. Ya yi alwala, ya yi sallarsa shi kaɗai a gefen tabarma, bai jira jam'i ba. Zayyanu ya riƙe masa hannu, Ɗanbaba ya tare ƙofa yana haɗa shi da Allah. Ya ture su a hankali, kamar mai ratsa gonar dawa.

"'Ya'yana huɗu na can," ya ce. Bai kalli Sirajo ba.

Sirajo ya lissafa komai, ban da wannan. Ya tsaya a bakin shago yana jin babur guda ɗaya tak ya kama hanyar Shinkafi mai kaiwa Galadi, ƙararsa na sirancewa har ta ɓace. A kan kwali, ƙwayar da Hashimu ya jefa ta ƙarshe na nan, babu wanda ya duba abin da ta nuna.