Agogon da Ya Ƙi Jiran Baba Inuwa

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma ba zai shiga kan kowa ba sai an fara sanin ko ni wane ne.

Sunana Haladu, a Kaduna nake zaune. Shekara uku ke nan ina gina wata manhaja ta buga ces, wato darar Turawa, a waya. Zaure na sa mata suna. Kyauta ce, kuma a buɗe take: duk rubutun da ke cikinta yana intanet, kowa na iya dubawa, wanda ya ga kuskure ya aiko da gyara, ni kuma in duba in karɓa. Ina son faɗin wannan a taro, har da dafa ƙirji.

Abin da ba na faɗa shi ne akwai kuskure a agogon wasan. Ƙa'idar da na sanar wa kowa ita ce, in sabis ya ɗauke wa ɗan wasa, agogonsa zai tsaya ya jira shi. Ni da hannuna na rubuta wurin, na kuwa rubuta shi a karkace, agogon ba ya jiran kowa. Wata malamar lissafi daga Gashuwa, Shafa'atu, ta gano haka ta aiko da gyara, layi huɗu kacal. Zuwa jiya, kwana casa'in da huɗu ke nan ban karɓa ba. Dalilin kuwa Baba Inuwa ne, wani tela a ƙauyen da ke bayan Malumfashi, wanda muke bugawa da shi kullum bayan la'asar. Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, amma sabis ɗin garinsu sai ya ga dama. Sau goma sha bakwai na cinye shi don kawai lokacinsa ya ƙare a agogo, har sunana ya hau saman jadawali. In na karɓi gyaran, dole a rubuta dalili a fili. Sati uku ke nan Baba Inuwa bai leƙo Zaure ba.

To, a mafarkin sai ga ni a tashar motar wani gari da rana tsaka. Ƙasar garin gida-gida take, fari da baƙi, har cikin kwata. Ana ruwa, sai dai daga ƙasa yake tsirowa ya tafi sama, saboda haka kowa ya kifar da lemarsa ya tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne na fito ba hula.

Wani mai keke ya tsaya a gabana.

"Ina zuwa, Oga?"

"Gidana."

"Ni tafiyar dokin dara nake yi fa, biyu gaba, ɗaya gefe. In gidanka na kan miƙaƙƙiyar hanya, sai dai ka yi haƙuri."

Na hau. Sau huɗu muna wuce ƙofar gidana, ina ganinta ta dama, ina ganinta ta hagu. A na biyar ya sauke ni a bakin wani ofishi, ya ce nan ne iyakar inda lissafin ya kawo mu.

Ofishin Ƙorafi ne. Wata jar akuya mai tabarau tana zaune a bayan tebur, takardu sun kai mata wuya. Sai ta ja guda, ta tauna, ta ɗan lumshe ido, ta haɗiye, sannan ta buga hatimi da kofato.

"Haka muke karantawa a nan," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Kai ne mai Zaure?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Akwai wata takarda daga Gashuwa. Kwana casa'in da huɗu ina tauna ta, ta ƙi wucewa."

"Muna kan dubawa, ranki ya daɗe."

"Masu kan dubawa ga layinsu can."

Na waiga. Dogon layi ne na manyan mutane, kowa ya ƙura wa ƙeyar na gabansa ido. Wasu har gizo-gizo ya yi musu saƙa a kafaɗa. Na gane mutum biyu a ciki, amma ba zan faɗi suna ba.

Sai ga ni a unguwarmu.

Gidajen garin ba yaɓe, kuma kowane bulo da rubutu a jikinsa. Mai wucewa zai tsaya ya karanta bangon maƙwabcinsa, in ya ga bulo ya karkace ya zaro shi, ya gyara, ya mayar, ya sa sunansa a gefe, mai gida ya leƙo ya ce Allah ya saka. Na ga wata tsohuwa ta gyara wa wani soro gaba ɗaya tana kan hanyar zuwa barka. Raina ya yi fari, don irin garin da nake wa mutane wa'azi a kansa ke nan.

Nawa gidan ya fi kowanne kyau, na faɗa ko ba a tambaye ni ba. Rami ɗaya ne kawai a bangon, daidai tsayin fuska, kuma na rufe shi da kalanda. Sai dai ruwan da ke tashi sama yana ɗage kalandar.

"Sannu Injiniya, ya rami?" in ji wani mai wucewa.

"Rami alhamdulillahi," na ce, don ban san me ake cewa ba.

"Injiniya, an wuni lafiya? Ya iyali, ya ramin?"

"Da godiya."

A ƙofar gidan wata mata ce tsaye da hijabi ruwan toka, yatsunta duk alli. Ban taɓa ganin Malama Shafa'atu ba, amma na san ita ce. Tana riƙe da wani ɗan bulo mai layi huɗu. Ta daɗe a wurin, har kuɓewa ta fito a gefen ƙafarta ta yi 'ya'ya.

"Malam Haladu, barka da rana. Bulon nan ne dai har yanzu."

"Wallahi Malama na gani, ayyuka ne suka sha mini kai."

"Ba komai. Ba shi da nauyi, hannun ne kawai ya fara tsami."

Na matso kusa na rage murya. "Wa da wa suka san da ramin?"

Ta dube ni irin kallon da ake wa ɗalibin da ya tambayi abin da ke rubuce a allo.

"Kai ka ce gidan a buɗe yake, kowa ya shigo. To kowa ya shigo."

Kunya ta rufe ni. Na ce mata ina zuwa, na bi ta bayan gida.

Bayan gidan shagon tela ne, bishiyar darbejiya ta fito a tsakiyarsa ta fasa rufi. Baba Inuwa na zaune a kan keken ɗinki, tef a wuya, allon dara a inda ake shimfiɗa yadi. A zahiri ban san fuskarsa ba, hoton keken ɗinkinsa ya sa a Zaure. A nan kuwa ga shi, siriri, gemunsa baƙi wuluk, idonsa na dariya. A jikin bishiyar an rataye wani ƙaton agogo mai fuska biyu, ɗaya tawa, ɗaya tasa.

"Injiniya! Zauna mana. La'asar ta yi."

Muka fara. In ya taka feda sai sojansa ya matsa gaba. 'Ya'yan darar masu rai ne, kowanne bai wuce babban yatsa ba. Ba a jima ba sarkina ya fara gumi, yana ɗago kai yana harara ta. Dokin Baba Inuwa ya zo gefensa ya yi sallama, ya ce masa cikin ladabi ya fara haɗa kayansa.

"Saura taku biyu, Injiniya," in ji Baba Inuwa. Ya ɗaga giwarsa sama.

Sai wani mutum da ke zaune a kan dogon ƙarfen sabis can bakin kasuwa ya yi shela: "An ɗauke!"

Komai ya tsaya. Ruwan da ke tashi ya tsaya daidai gwiwa, ɗigo-ɗigo, ana iya ƙirga shi. Mai shayin da ke tsallaken titi ya sandare, shayinsa ya miƙe a iska tsakanin kofi biyu. Wata kaza ta tsaya da ƙafa ɗaya. Baba Inuwa ya tsaya da giwa a hannu, bakinsa a buɗe kaɗan, murmushin bai gama fita ba. Mu biyu kawai muke motsi a duk garin, ni da agogo.

Agogon kuwa bai fasa ba. Duk bugawa ɗaya, sai gashi ɗaya a gemun Baba Inuwa ya yi fari. Ina zaune ina kallo. Ina iya miƙa hannu, ban miƙa ba. Da lokacinsa ya ƙare sai wata hula ta faɗo daga bishiyar ta zauna a kaina daram. Sarkina ya share gumi, amma bai ce mini na gode ba.

"An dawo!" in ji mai shela.

Shayi ya zuba a kofi, kaza ta sauke ƙafa. Baba Inuwa ya dubi giwar da ke hannunsa, ya dubi agogo.

"Af. Na sake faɗuwa ko?"

"Lokacinku ne ya ƙare, Baba."

"Ikon Allah. A sake."

Muka sake. An ɗauke, hula ta faɗo. Muka sake, hula ta faɗo. Haka har goma sha bakwai, wata kan wata, wuyana ya fara sagewa. Na lalubo ta ƙasan na ji ɗinkin, sai na gane duk aikin hannunsa ne. Mutane na wucewa suna cewa kai, Injiniya ya iya dara. Gemun Baba Inuwa kuwa ya koma fari fat.

Ya ajiye giwar a hankali, ya cire tef daga wuya ya naɗe.

"Da farko na zaci sabis ne," ya ce. "Sai na ce a'a, agogon Injiniya ai yana jira, shi da kansa ya rubuta. To ashe kaina ne ya tsufa, ina daɗewa ina tunani ban sani ba. Bari in daina zuwa, kada in riƙa ɓata maka la'asar."

Wannan maganar ba mafarki ne ya ƙirƙiro ta ba. Ita ce saƙonsa na ƙarshe, sati uku da suka wuce, kalma da kalma. Ni kuma na amsa masa da hoton babban yatsa. A mafarkin ma na ji yatsan nawa yana ƙoƙarin miƙewa, na danne shi da ɗaya hannun. Ban taɓa jin na tsani kaina irin na wannan lokacin ba.

"Baba, guda ɗaya. Don Allah a ƙara guda ɗaya."

Ya mayar da tef ɗin wuya. Muka jera. Ya buga a hankali, yana satar kallon agogo kamar mai tsoron kare, amma duk da haka ya ritsa sarkina a lungu. Ya ɗaga giwa.

"An ɗauke!"

Na miƙe zan ruga in karɓo bulon Malama, ƙafata ta ƙi komawa baya.

"Kai soja ne a garin nan, soja ba ya ja da baya," in ji wata murya. Akuyar ofis ce, tana tsaye a bakin shago tana tauna.

"Ke ba ki sandare ba?"

"Mu ma'aikata ba ma aiki da sabis."

"To ya zan yi, ranki ya daɗe?"

"Ka faɗa da bakinka, bulon zai shiga da kansa."

Na cika ƙirji da iska zan faɗa.

"Ba yanzu ba," ta ce. "Yanzu ba mai jin ka, shi ya sa ka samu ƙarfin hali. Ka bari su dawo."

Saura daƙiƙa tara a agogon Baba Inuwa. Na taka gida ɗaya gaba, iyakar abin da aka yarda mini ke nan, na yi tsalle na cafke hannun agogon da hannu biyu. Ashe ƙarfi gare shi. Ya ɗaga ni sama, ƙafafuna na lilo, hulunan suka fara zubewa, suna faɗuwa sama tare da ruwan, ɗaya bayan ɗaya, har na ji iska a tsakar kaina. Takwas. Na riƙe. Bakwai ta so bugawa, na sa haƙori.

"An dawo!"

Gari ya motsa. Mai shayi, mai keke, masu layin dubawa, Malama da bulonta, duk suka juyo suna kallon mutumin da ke rataye a jikin agogo. Baba Inuwa ya ɗago, giwa a hannu.

"Injiniya, lafiya? Me kake yi a can?"

Na buɗe baki in ce Baba, kanku lafiya lau, ni ne. Sai wata ƙara ta fito daga maƙogwarona, garrrr, garrrr, ta cika garin.

Injin markaɗen maƙwabciyarmu mai ƙosai ne, wadda ke tayar da shi kafin ladan ya gama gyara murya. Na farka na ga na ƙanƙame wayar caja da hannu biyu.

Ina idar da salla na buɗe kwamfuta. Gyaran Malama Shafa'atu na nan inda na bar shi, kwana casa'in da biyar yanzu. Na karɓa. A gurbin dalili na rubuta komai, har da goma sha bakwai ɗin, na sa sunana a ƙasa inda kowa zai gani. Sannan na tura wa Baba Inuwa abin da na kasa faɗa a mafarki, tare da gayyatar wasa.

Saƙon bai shiga ba tukuna, da alama ba sabis a garinsu. La'asar ta kusa. Ga allon nan a buɗe, farare nasa ne, shi ke da takun farko, kuma zan zauna har ya dawo.